WA YA ƘOSHI A GIDANKA JIYA DA DARE?

 A wannan fitowa za mu bar zancen taki da iri da maganin ƙwari tukuna. Za mu shiga cikin gida, mu zauna kusa da murhu. Gama dukan wahalar da muke sha a gona, tun daga shara har zuwa sussuka, a bakin akushi take ƙarewa. In abin da muka noma bai kai ga cikin da ya fi bukatarsa ba, aikinmu bai cika ba.

ABIN DA MUKA GANI

Wata rana da yamma mun sauka a wani ƙauye a bakin fadama, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Maigida ya karɓe mu hannu bibbiyu. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, aka kawo ruwan wanke hannu, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da tarwaɗa manya guda biyu. Mu biyar ne maza. Muka ci har muka ture.

Da muka shiga cikin gida domin mu gai da mata, sai muka tarar da yara shida sun kewaye kwano ɗaya. Babbansu zai kai shekara 11, ƙaraminsu bai cika shekara 2 ba. Tuwon da zafi. Manyan suka yi ta kai loma, ƙaramin yana jira ya huce. Kafin ya kai loma ta uku, kwano ya koma fayau, miya kuwa tun farko aka suɗe ta. Yaron ya lashe yatsunsa, ya koma jikin kakarsa ya zauna shiru.

Muka ce wa tsohuwar, "Inna, yaron nan ya ƙoshi kuwa?"

Ta ce, "Haba Malam, ai tare da yayyensa ya ci. Dubi cikinsa mana, kamar tulu."

Cikin nasa kuwa kamar tulu yake. Amma hannuwansa sirara ne, gashin kansa ya yi ja-ja ya yi laushi. A gidan nan akwai rumbu biyu cike da hatsi, akwai shanshera a ɗaki, maigida kuma yana da taru da kwalekwale. Babu wanda ya ƙi yaron nan, kowa yana ƙaunarsa. Duk da haka da yunwa yake kwana, ba wanda ya sani.

ƘASA MAI ALBARKA

Ba za a ce ƙasarmu ta rasa abinci ba. Tun zamanin Kanta an san Kabawa da shinkafa da kifi. Shinkafar gargajiya mai jan baya, wadda takan yi tsawo tana bin ruwa in fadama ta cika, 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, ba daga waje aka kawo ta ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A Nuwamba 2015, a nan Jihar Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance. A 2017 aka buɗe babbar masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu. Albasar Aliero kuwa har kudu ake kai ta mota-mota.

To, ga abin da zai sa mu yi tunani. A shekarar 2018 an yi babban binciken lafiya a dukan Najeriya, aka auna tsawon yara 'yan ƙasa da shekara 5. A ƙasa gaba ɗaya, yara 37 cikin 100 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kebbi kuwa 66 ne cikin 100, babu jihar da ta kai mu a lokacin. Ashe a shekarar 2018, a cikin yara uku na jiharmu, biyu ba su girma yadda ya kamata ba.

Dalilan suna da yawa: talauci, zazzaɓin cizon sauro, zawo, rashin ruwa mai tsabta, haihuwa kusa da kusa. Waɗansu sun fi ƙarfin gida ɗaya. Amma akwai wanda yake hannunmu yau da dare, shi ne abin da ake dafawa da yadda ake raba shi.

CIN ABINCI TARE ABU NE MAI KYAU

Kada wani ya ce mun zo rushe al'ada. Ciyayya tana cikin abubuwa mafi kyau da muka gada. Magidanta su fito da akusansu waje ɗaya, wanda miyarsa ta yi daɗi da wanda tasa lami ce duk su ci tare, ba wanda ya san asirin wani. Baƙo in dare ya yi masa ba ya kwana da yunwa. Ana kai wa tsohuwar da ba ta da kowa malmala guda. Ranar Kirsimeti mu aika wa maƙwabtanmu Musulmi abinci, ranar Salla su aiko mana. A bakin kwano yaro yake koyon wanke hannu, da cin gabansa, da barin loma ga ƙaninsa. Duk wannan mu riƙe shi da kyau.

Sai dai mu dubi yadda rabon yake tafiya a yawancin gidaje. Mai girki takan fara zuba na maigida da baƙinsa, a can ne tsokar nama da gindin kifi da man da ya taso bisa miya suke tafiya. Sa'an nan na samari masu zuwa gona. Sa'an nan na yara, kwano ɗaya. Ita mai girkin, wadda ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta sha hayaƙi, sau da yawa ga goyo a baya ko ciki a gaba, ita ce ta ƙarshe. Wani lokaci ƙanzo ne rabonta.

An ce tuwon girma miyarsa nama. Gaskiya ne maigida ya cancanci girma. Amma jikin mutum mai shekara 45 ya gama ginuwa. Mutane uku ne a gida waɗanda jikinsu yake cikin aikin gini dare da rana: yaro ƙarami, mace mai ciki, da mai shayarwa. Su ne kuwa tsarinmu na rabo ya bari a baya.

CIKIN YARO ƘARAMI NE

Manomi ya san cewa shukar da ta sha wahala a makonnin farko, ko an zuba mata taki daga baya ba ta kamo 'yan'uwanta. Haka yaro yake. Masana sun ƙidaya kwana 1,000, daga ranar da aka ɗauki cikinsa zuwa ranar da ya cika shekara 2. A cikin kwanakin nan ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suke girma da sauri. Tsawon da yaro ya rasa a lokacin nan da wuya ya mayar da shi, sau da yawa kuma karatu yakan yi masa nauyi in ya shiga makaranta.

Cikin yaro mai shekara 1 ba ya ɗaukar abin da ya wuce kofi ɗaya a zama guda, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na lita. In muka cika wannan ɗan wuri da koko mai tsinkakken ruwa, yaro zai ji ya ƙoshi, amma yawancin abin da ya sha ruwa ne. In kuma muka ce ya jira tuwon dare kamar babba, ba zai iya cin abin da zai ishe shi a zama ɗaya ba. Saboda haka dole abincinsa ya zama mai kauri, a kuma ba shi sau da yawa.

Ga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar:

1. Daga haihuwa zuwa wata 6: nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ƙarawa. Kada a matse dakashi a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri.

2. Wata 6 zuwa 8: nono, da abinci mai laushi sau 2 ko 3 a rana. A fara da cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har rabin kofi.

3. Wata 9 zuwa 11: nono, da abinci sau 3 ko 4, rabin kofi kowane zama.

4. Wata 12 zuwa 23: nono, da abincin gida sau 3 ko 4, kusan kofi guda kowane zama, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani.

Yaya za a san kunu ya yi kauri daidai? A ɗebo a cokali a karkata shi. In ya zube nan da nan kamar ruwa, bai yi ba. In ya tsaya ya sauko a hankali, ya yi.

A shekarun 1930 wata likita mai suna Cicely Williams tana aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana. Ta ga yara masu kumburin ƙafa da jan gashi da saɓulewar fata. Mutanen Ga na wurin suna kiran ciwon kwashiyoko, wato ciwon da yake kama yaro in an yi masa ƙane. Ta lura yaran nan an yaye su ne a kan kunun masara zalla. Sunan nan shi likitocin duniya suke amfani da shi har yau. Mu ma mun san lokacin yaye shi ne mai hatsari, musamman in an ɗauke yaro farat ɗaya an kai shi gidan kaka, ga kewar uwa, ga koko kaɗai.

ARZIKIN YANA CIKIN MIYA

Mun saba raba abinci kashi uku. Akwai mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, dankali, mai. Akwai mai gina jiki: wake, gyaɗa, waken suya, daddawa, kifi, nama, ƙwai, nono. Akwai mai tsare jiki daga cuta: ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Tuwo yana kashi na farko ne kawai. Sauran biyun a cikin miya suke. Saboda haka yaron da ya sami tuwo bai sami miya ba, kashi ɗaya cikin uku ya ci.

Ma'aikatan lafiya yanzu suna ƙidaya iri 8: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa, nonon dabba, nama da kifi, ƙwai, ganyaye masu duhu da 'ya'yan itatuwa masu launin ɗorawa kamar kabewa, karas, mangwaro da gwanda, sai sauran kayan lambu da na marmari. Ana so yaro daga wata 6 zuwa 23 ya sami aƙalla iri 5 kowace rana. Kada adadin ya ba mu tsoro. Nonon uwa, tuwon gero, miyar zogale da aka sa mata gyaɗa da garin busasshen kifi, ga biyar sun cika, ba a je kanti ba.

Ga waɗansu abubuwa game da miya da mai girki za ta riƙe:

Ganye mai duhu, kamar zogale, kuka, alayyafo, rama, tafasa da lalo, yana da bitamin A, wanda rashinsa yake kawo dundumi, yaro ya kasa gani da magariba. Amma jiki ba ya iya ɗaukar bitamin A sai tare da mai. Cokali ɗaya na man gyaɗa ko man shanu ko manja a kwanon yaro ya isa. In za a shanya ganye domin rani, a shanya a inuwa, gama rana takan ƙone amfaninsa.

Kanwa tana sa wake ya nuna da wuri, tana sa kuɓewa yauƙi, amma tana kashe waɗansu bitamin. A rage ta. In an jiƙa wake tun dare, zai nuna da sauri ba sai da kanwa mai yawa ba, itace ma ya ragu.

Abu mai tsami, kamar lemun tsami, tumatir, gwaiba da garin 'ya'yan kuka, yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da yake cikin wake da ganye, wanda shi ne mai ƙara jini. Shayi kuwa yana hanawa. Kada a ba ƙaramin yaro shayi a madadin abinci.

A sayi gishiri mai aidin. Tun farkon shekarun 1990 doka ta ce a riƙa sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, domin maganin maƙoƙo da daƙushewar ƙwaƙwalwar yara. A ajiye shi a rufe, nesa da murhu.

GUMI KO FARAR SHINKAFA?

Tun da noman rani ya bunƙasa, tuwon shinkafa da dafa-duka sun yawaita a gidajenmu. To, ba kowace shinkafa ce ɗaya ba. Amfanin ƙwayar shinkafa, ban da ƙarfi, yana cikin siririyar fatar da take ƙarƙashin ɓuntu. In inji ya goge ta fes, wannan amfani ya tafi cikin dusa, kaji da awaki su ci.

A shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba na Indunusiya. Ya ga kajin da ake ba farar shinkafa gogaggiya ƙafafunsu suna shanyewa, in aka koma ba su wadda ba a goge ba sai su warke. Ta haka aka gano dalilin ciwon beriberi, wanda ya kashe mutane da yawa a ƙasashen masu cin shinkafa. Abin da ya ɓace a gogewar shi ne bitamin B1.

Iyayenmu mata sun riga sun san maganin wannan, ko da ba su san sunansa ba. In aka jiƙa shanshera, aka turara ta, aka shanya kafin a casa, wato gumi, zafi da danshi sukan tura amfanin fatar zuwa cikin ƙwayar. Gumi ya fi farar shinkafa gina jiki, ba ya kuma karyewa sosai a turmi ko a inji. Ko wace iri aka samu, kada a yi ta wanke ta sau huɗu sau biyar, kada kuma a tafasa a tsiyaye ruwan a zubar. A auna ruwa daidai wanda za ta shanye.

KIFI DA ƘWAI

An ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Masunci yakan sayar da giwan ruwa da manyan tarwaɗa domin kuɗi, wannan daidai ne, gama akwai bukatu. Amma ƙananan kifayen da ba su da daraja a kasuwa, su ne suka fi dacewa da yaro. Ana cinsu da kai da ƙaya, a can kuwa sinadarin gina ƙashi da na ƙara jini suke. A busar da su sosai, a daka su lukui, a tankaɗe da rariya domin kada ƙaya ta maƙale wa yaro, a zuba a gwangwani mai murfi. Cokali ɗaya a kunu ko a miyar yaro kowace rana.

Game da ƙwai, mun sha jin ana cewa in an ba yaro ƙwai zai zama ɓarawo. 'Yan'uwa, ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Yaro daga wata 6 yana iya cin dafaffen ƙwai da aka murmushe masa. A lokacin damina zabi suna ƙwai da yawa. In an tara goma za a kai kasuwa, a bar biyu a gida.

GARIN KUNUN YARA

Ga wani haɗi da ake koya wa mata a wurare da yawa a Arewa, waɗansu suna kiransa Tom Brown. Kowane gida yana iya yinsa:

Gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara.
Gwangwani 3 na waken suya.
Gwangwani 1 na gyaɗa.

A tsince kowanne, a zubar da duk gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci, gama fumfunar nan tana da dafi mai lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi. A jiƙa waken suya, a cire ɓawonsa, a shanya. A soya kowanne dabam a tukunya ba mai har ya yi ƙamshi. A haɗa a niƙa, a tankaɗe, a ajiye a mazubi mai murfi. In za a dama, a dafa shi sosai a kan wuta, a sa ɗan mai, da garin kifi in akwai. Kada a sa zuma ga yaron da bai cika shekara 1 ba.

In kunun ya yi wa jariri kauri da yawa, kada a tsinka shi da ruwa. A barbaɗa ɗan garin tsiron gero ko na dawa a kai yana da ɗumi, a juya. Nan da nan zai saki, amfaninsa kuwa yana nan bai ragu ba. Sai a sake tafasa shi kaɗan kafin a ba yaro.

RABON UWA

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mace mai ciki tana bukatar ƙarin ɗan abinci sau ɗaya a rana bisa abin da ta saba, mai shayarwa kuwa sau biyu. Waɗansu sukan rage ci wai kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan kuskure ne. Uwar da jininta ya yi ƙaranci ita ce haihuwa ta fi yi wa hatsari. Ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa.

Mu kuma yi hankali da kunun kanwa na masu jego. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura cewa mata da yawa suna kamuwa da ciwon zuciya da kumburi bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kanwa da zafin wankan jego. Kunun gyaɗa, nono, romon kifi da ganye sun fi wa mai jego amfani. In ta fara kumburi ko numfashi yana yi mata wuya, a kai ta asibiti ba da jinkiri ba.

'Yan mata ma kada a manta da su. Yarinyar da take tallar abinci tana cin saura, ita ce uwar gobe.

TSABTA DA HAYAƘI

Abinci mai kyau ba ya zama a cikin yaro mai zawo. Ruwan wanke hannu da mutum shida suka tsoma hannu a ciki, na ƙarshe dauɗa ya ɗauka. A riƙa zuba ruwa da buta, a sa sabulu, in babu a sa toka. Dafaffen abinci in ya wuce awa 2 a ajiye cikin zafin ƙasarmu, ƙwayoyin cuta sun fara yawa a ciki. Ɗumamen safe a tabbata ya yi zafi har tsakiya, miya ta tafasa. A rufe abinci da faifai saboda ƙuda.

In zawo ya kama yaro, kada a daina ba shi nono da abinci. A ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti. In babu, a sami lita 1 na ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A karɓo ƙwayar zinc a asibiti. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako 2.

Hayaƙin murhu ma cuta ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya. A yi wa madafa taga, a yi amfani da busasshen itace, a gina wa murhu bangon laka ya tare iska, a rufe tukunya. Kada a yi girki da goyo a baya in akwai mai riƙe shi.

LISSAFIN RUMBU

Rabo mai kyau yana farawa tun daga kaka. Lokacin da tamowa ta fi kama yara shi ne tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, aiki ya yi yawa, sauro kuma ya yi yawa. Mun kuma ga abin da ambaliya ta yi wa fadamar nan a 2010 da 2012 da 2020. Wanda ya sayar da komai da kaka yana dogara ga shinkafar da take cikin ruwa, ya sha wuya.

Lissafin ba wuya. Maigida ya zauna da uwargida, ita ta san mudu nawa ake ci a rana. In mudu 3 ne, a shekara mudu 1,095 ke nan. A ƙara na baƙi da na biki da na iri. A keɓe wannan tukuna, sa'an nan a yi zancen sayarwa da biyan bashi. Kada a keɓe hatsi kaɗai. A keɓe wake da gyaɗa da kalwa da busasshen ganye na shekara, gama su ne ake fara kwashewa a kai kasuwa, su ne kuma suke tsada da damina.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

A kai yaro asibiti nan da nan in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ƙafafu biyu sun kumbura, in an danna da yatsa wurin ya lotsa; ya rame har haƙarƙari ya fito; ya ƙi cin abinci ko nono; ya daina wasa. Ma'aikatan lafiya suna da ɗan tef mai launi da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 yaro yana bakin hatsari. Kowace uwa tana iya koyon awon nan cikin minti kaɗan.

ABIN DA ZA MU FARA YAU

Abu na farko ba ya cin ko kwabo: kowane yaro da bai kai shekara 3 ba a ba shi kwanonsa shi kaɗai. A fara zuba nasa kafin na kowa, da miya isasshiya, kafin a sa barkono mai yawa. A zaunar da shi cikin 'yan'uwansa domin ya saba da cin tare, amma wani babba ya zauna kusa da shi, ya taimake shi, ya ga abin da ya ci.

Na biyu na magidanta ne. Mata ba za su iya canja rabo ba in maigida bai yarda ba. Ka ce da bakinka, "A fara cire na yara da na mai ciki." In an kawo maka kifi, ka yanki rabi ka mayar cikin gida. Girmanka ba zai ragu ba.

Na uku na ƙungiya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya ajiye buhunan wake da gero da kaka, ta ba 'yan'uwa rance da damina. Tana iya keɓe fili kusa da rijiya domin lambun mata, a dasa zogale da gwanda a kowane gida. Zumuntar mata tana iya haɗuwa sau ɗaya a wata a soya garin kunu tare, a kira maƙwabta duka, a gayyaci ma'aikacin lafiya ya auna yara.

Bayan wata huɗu mun koma gidan nan da muka ba ku labari. Mun tarar da tsohuwar zaune a kan tabarma, yaron yana gabanta da ɗan ƙaramin kwanonsa, tana gutsura masa tuwo tana dangwala miya. Tana ganinmu ta yi dariya ta ce, "Malam, abokinka yanzu ba ya barin kowa ya huta a gidan nan." Ba a ƙara ko mudu ɗaya a abin da gidan yake ci ba.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. A gidanka, wa ake fara zuba wa abinci, wa ke na ƙarshe?

2. Jiya, iri nawa cikin 8 ƙaramin yaron gidanka ya ci? Ku ƙidaya tare da uwarsa.

3. Mudu nawa gidanka yake ci a rana? Abin da yake rumbu zai kai ku sabon gero?

4. Waɗanne abinci ne ake hana yara da masu ciki a ƙauyenku, don me?

5. Wane abu ɗaya ƙungiyarku za ta fara kafin taro mai zuwa, wa zai ɗauki nauyinsa?

Ku aiko mana da abin da kuka tattauna ta hannun sakataren ƙungiyarku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana yaranmu.